Yadda Ake Haɗa Takardar Wayar da Kan Marasa Lafiya Wadda Za a Gane a Kuma Yi Aiki da Ita

Abokan aiki da dama a nan Katsina, musamman waɗanda ke ƙananan asibitocin unguwanni da na ƙauyuka, sun sha tambayata yadda nake haɗa 'yan takardun da muke miƙa wa mata ranar awo da ranar rigakafi. Wasu kuma 'yan ƙungiyoyin sa kai ne da suka samu ɗan tallafi suna son buga fosta. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya a waya, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda nake bin su. Zan riƙa cewa "ka", amma in ke ce ke karantawa, 'yar'uwa, da ke nake. Misalin da zan riƙe har ƙarshe shi ne takardar gudawar yara, domin ita ce na fi shan wahala a kanta.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: littafin rubutu da biro, fararen takardu da fensir, waya mai ɗaukar murya da hoto, littafin ƙa'idar aiki da ake amfani da shi a asibitinku, da ainihin maganin da za ka yi magana a kansa, a hannunka. Kwamfuta sai can gaba. Wanda ya fara da buɗe manhajar zane irin Canva ko CorelDRAW kafin ya san abin da zai ce, ado zai yi.

1. Zaɓi aiki guda ɗaya

Ka rubuta jimla ɗaya a saman littafinka: wane ne zai karɓi takardar, kuma me kake so ya yi idan ya koma gida. Tawa ita ce: "Uwar da ɗanta ke gudawa ta haɗa ORS daidai, ta ba shi zink kwana 10, ta san lokacin da za ta garzayo asibiti." ORS shi ne garin nan na leda da ake narkarwa a ruwa don mayar wa mai gudawa ruwan jikinsa, zink kuma ƙwayar magani ce da ake ba yaro ban da ORS ɗin. Duk abin da bai taimaki wannan jimla ba, ba shi da gurbi. Sunan ƙwayar cutar da ke kawo gudawa, yawan yaran da ke mutuwa a duniya, tarihin ƙungiyarku, duk a ajiye su.

Gargaɗi: za a matsa maka ka cusa gidan sauro da shayarwa da rigakafi a takarda ɗaya, wai don kada fili ya tafi a banza. Ka ƙi. Taura biyu ba ta taunuwa. Kowane batu a yi masa tasa takardar.

2. Zauna a benci ka saurara

Ka cire farar rigar nan, ka zauna inda mata ke jiran layi kwana biyu ko uku. Abu uku kake nema.

Na farko, kalmomin da suke faɗa. Uwa ba za ta ce maka ɗanta ya rasa ruwan jiki ba. Cewa za ta yi ya yi laushi, idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa, ya ƙi kama nono. Ka rubuta su yadda suka fito daga bakinta.

Na biyu, abin da suka riga suka yarda da shi. Da yawa za su ce haƙori ne, in ya fito gudawar za ta tsaya. Wasu za su ce rana ce, a nemi jiƙo. Wasu suna rage ba yaro ruwa don kada gudawar ta ƙaru. In takardarka ba ta taɓa wannan ba, kakar yaro za ta rushe ta da kalma ɗaya. Ba kuma sai ka ƙaryata kowa ba. Layi ɗaya ya isa: "Ko da haƙori ne, ruwan jikinsa na zuba, a mayar masa."

Na uku, wa zai karanta, wa kuma ke yanke hukunci. A gidaje da yawa wadda ka miƙa wa takardar ba ita za ta karanta ba. Ɗanta ɗan firamare ne zai karanto mata, ko maigida in ya dawo daga kasuwa da dare, ko matar maƙwabci. Kuɗin mota da izinin fita kuma suna hannun maigida, wani lokaci da bakin uwar miji. To takardar tana da masu sauraro uku ke nan, kuma dole ta yi daɗin karantawa da baki. Ni kullum nakan sa layi ɗaya na maigida: "Maigida, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, kada a jira gari ya waye."

3. Tabbatar da maganar kafin ka ƙawata ta

Kowane adadi ka ɗauko shi daga ƙa'idar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ko ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ka kuma gwama shi da abin da ke rubuce a jikin maganin da ke kantin asibitinku. A batun gudawa ga abin da aka tsaya a kai: ledar ORS ta lita ɗaya a juye ta duka cikin ruwa mai tsabta lita ɗaya, abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, wanda ya wuce haka har zuwa shekara 10 a ba shi 100 zuwa 200. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Zink miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba rabin haka. Nono da abinci kada a tsaya.

Ka kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna ya duba ya sa hannu. Sannan ka nuna wa jami'in wayar da kai na ƙaramar hukumarku, domin in takardar za ta fita daga asibitinku ya kamata Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta jiha ta san da ita, kada saƙonka ya saɓa wa wanda ake yaɗawa a rediyo. Kada ka ɗora tambarin wata hukuma sai da izininta a rubuce.

4. Rubuta da Hausa tun daga farko

Nan ne mafi yawan takardu ke mutuwa. Ana rubuta su da Turanci a ofis, a ba wani ya juya kalma bayan kalma, sai a samu Hausar da ba wanda ya taɓa jin ta a gidansu. Dabarar da nake yi ita ce: in kunna rikodin waya, in yi wa wata uwa bayani da baki kamar yadda na saba, sannan in kwafe abin da na faɗa in rage masa ƙiba. Abin da baki ya faɗa kunne zai ɗauka.

Ka fara da aikin da za a yi. "Yana da matuƙar muhimmanci iyaye mata su tabbatar da cewa..." ɓata tawada ne. Ka ce "Ki wanke hannu da sabulu." Jimla ɗaya, aiki ɗaya, bisa jerin da za a yi su a gida. Ka faɗi abin da za a yi fiye da abin da za a bari, domin mai sauraro kan riƙe aikin ya manta da "kada" ɗin da ke gabansa. Kuma ban da zargi. Takardar da ta ce ƙazantar iyaye ke kawo gudawa, murhu za ta shiga, kuma da gaskiyar wadda ta jefa ta.

Sai kalmomin da ke da fuska biyu, waɗanda sai ka yi taka-tsantsan da su. "Sanyi" a bakin mutanenmu yana ɗauke da ciwon gaɓoɓi, da ciwon mara, da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. "Basir" ya haɗa abubuwa barkatai, daga zubar jini ta dubura har zuwa kasala. "Shawara" na iya zama canjin launin idon jariri, na iya zama ciwon hanta, ga kuma shawarar da ake ba mutum. In dole ka yi amfani da irin waɗannan, ka biyo su da alamar da ake gani da ido. Inda kuwa Hausa ke da suna tsayayye, kada ka ƙirƙiro sabo: ƙyanda, sanƙarau, mashaƙo, shan inna, tamowa, hawan jini, ciwon suga, sikila, jijjiga, kowa ya san su.

Gargaɗi: mutane da yawa suna kiran ORS ruwan gishiri da sukari. In ka rubuta haka kawai, wata za ta ɗebo gishiri da sukari daga kicin ta haɗa da ƙiyasi. Ka rubuta "ORS na leda", ka sa hoton ledar yadda take.

Wani wurin da ake tuntuɓe shi ne lissafin yiwuwa. Ana rubuta cewa in mai AS, wato mai ɗauke da gadon sikila a jininsa amma ba ta kama shi ba, ya auri mai AS, ɗaya cikin 'ya'ya huɗu zai zo da sikila. Sai ma'aurata su ɗauka in na fari ya zo da ita, ukun da ke biye sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa lissafin, ɗaya cikin huɗu, sabo fil. Sai a rubuta: "Kowane ciki yana iya zuwa da sikila, ko na farko ne ko na biyar."

5. Awo da lokaci: ka yi magana da kayan gida

Wannan matakin na koye shi ne da kunya. A takardata ta farko na rubuta "lita ɗaya" daidai, amma na zana ledar ORS a gefen kofi, don dai a gane abin sha ne. Bayan 'yan makonni wata baiwar Allah ta dawo da yaronta ya galabaita, ta ce ya ƙi shan ruwan, ɗan abin da ya sha ma ya amayar. Da na ce ta nuna mini yadda ta haɗa, sai ta ce ai yadda hoton ya nuna ta yi, leda ɗaya a kofi ɗaya. ORS ɗin da ya yi kauri haka gishirinsa ya yi yawa, yana iya ƙara wa yaro illa maimakon ya taimake shi. Allah ya kiyaye yaron ya warware. Laifin nawa ne, ita hoto ta bi.

Tun daga nan ba na rubuta lita ko mililita su kaɗai. Lita ɗaya ita ce ledar fiya-wata biyu masu 50cl, sai in zana ledoji biyun ana juye su a jug ko kwano mai murfi. Ka duba jikin ledar da ake sayarwa a yankinku, don akwai masu 60cl. Kada ka ce "gorar ruwa ɗaya": akwai ta 75cl, wadda ba ta kai lita ba, akwai ta lita ɗaya da rabi, wadda ta wuce. Mililita 50 zuwa 100 kuma shi ne kwata zuwa rabin kofin shayi, sai a zana kofin da layi a inda ruwan zai tsaya.

Cokali ma haka. Cokalin magani mililita 5 ne, amma cokulan gidajenmu kowanne da girmansa, kuma wadda ka ce wa "cokali ɗaya" tana iya ɗauko na cin shinkafa. In maganin ruwa ne, ka zana murfin awon da ya zo da shi ko sirinji, ka ja layi a inda za a tsaya.

Lokaci kuwa, ka ɗaure shi da salla, domin ba kowane gida ke duba agogo ba amma ba gidan da ba a jin kiran salla. "Sau uku a rana" mutane kan fassara shi da karin kumallo, abincin rana da na dare, alhali sau da yawa ana nufin a raba awa takwas-takwas. Ka ce bayan Asuba, bayan Azahar, da lokacin kwanciya barci. Sau biyu a rana: bayan Asuba da bayan Magariba. Maganin maleriya mai haɗin artemether da lumefantrine sha shida ne cikin kwana 3, na biyu yana zuwa awa 8 bayan na farko, kuma ya fi shiga jiki in an sha da madara ko abinci mai maiƙo. Irin wannan sai ka zana akwatuna shida, a riƙa soke ɗaya bayan kowane sha. Haka na yi wa zink, akwatuna goma a ƙasan takardar, domin gudawa na tsayawa ake daina ba da shi. Haka kuma ya dace da maganin rigakafin maleriya na damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59: na ranar farko ma'aikaci ke bayarwa, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa ake bari, kuma nan ne ake mantawa.

Gargaɗi: in takardar ta masu ciwon suga ce ko hawan jini, ka sa layi a kan azumi, cewa su zo a daidaita musu lokutan shan magani kafin watan ya kama. In ba ka faɗa ba, kowa zai yi wa kansa fatawa.

6. Hotuna

Mai zane na gida ya fi hoton intanet. Mace ta ga mai hijabi irin nata zaune a tabarma, da kwanon sha da buta irin na gidanta. In abinci ne, a nuna kunun gyaɗa, wake, zogale, ƙwai, nono, alayyahu, abin da za ta samu a kasuwar garinsu da kuɗin da ke hannunta.

A zana mutum cikakke, ko aƙalla a ga hannun da ke aikin na wane ne. Hanji ko huhu da aka ciro aka ajiye shi kaɗai, wanda bai yi karatun lafiya ba zai ɗauka kayan mahauta ne. Sauro ko ƙudan da aka zana ya kai girman kaza, za a ce irin wannan ba ya garinmu. Alamar gicciye a kan hoto don nuna hani ba kowa ke karanta ta ba, sai wani ya ga hoton kawai ya kwaikwaya. Gara ka nuna daidai ɗin.

Ga wani abin da ba a cika lura da shi ba. In ka jera hotuna huɗu a kwance, ɗan boko zai fara daga hagu, wanda ya tashi a makarantar allo zai fara daga dama, sai ya karanta aikin daga ƙarshe zuwa farko. Ka jera su daga sama zuwa ƙasa, kowanne da lambarsa babba.

Wurin da za a sa magani ma sai an nuna shi ƙarara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi bayan samun rahotannin jarirai a ƙasashen Afirka da aka ɗiga wa maganin cibiya na chlorhexidine a ido, saboda an ɗauka maganin ido ne, wasu har suka makance. Takardar kula da cibiya dole ta nuna yatsa yana shafawa a cibiya, da rubutu babba cewa na cibiya ne kaɗai.

Gargaɗi: kada ka ɗauki hoton majinyaci ko ɗansa ka buga ba tare da izini a rubuce ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta kiyayewa. Ko ba doka ma, yaron da aka liƙa hotonsa a fostar tamowa da sunan zai tashi a unguwa. Hoton shayarwa ko na haihuwa kuma a zana shi da sutura, in ba haka ba maigida ba zai bar shi a ɗaki ba.

7. Shimfiɗa shi a takarda

Yanzu ne za a kunna kwamfuta. Rabin A4, wato A5, ya ishi takardar hannu: gaba ayyukan gida, baya alamomin haɗari da sunan asibiti da lokutan buɗewa. Girman rubutu kada ya gaza 14, kanun magana 20 ko fiye, domin da hasken tocilan waya za a karanta, wani lokaci da idon tsoho. Baƙin rubutu a kan fari. Kada a ɗora rubutu a kan hoto, kada a rubuta jimla duka da manyan baƙaƙe. Ka bar fili, kashi ɗaya cikin uku na shafin ya zama ba komai.

Baƙaƙe masu lanƙwasa ba ado ba ne. In ƙ ta ɓace, ciwon ƙashi ya koma ciwon kashi. In ɓ ta ɓace, ɓari ya koma bari, a takardar masu ciki kuwa wannan ba wasa ba ne. Ka zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, irin su Andika ko Noto Sans, duka kyauta ake sauke su. A waya, Gboard na da allon Hausa.

Launi kuwa, ka ari wanda mata suka riga suka sani daga tef ɗin awon damtsen yara: ja haɗari, rawaya a kula, kore lafiya. Amma kada ma'ana ta rataya a launi kaɗai, domin ranar da kuɗi suka ƙare fotokwafi za a yi, ja da kore su koma toka ɗaya. Akwatin haɗari a yi masa kauri a gefe.

Sai ajami. A ƙasar Katsina da Daura akwai ɗimbin mutanen da za a rubuta a fom cewa ba su iya karatu ba, alhali suna karanta ajami tiryan-tiryan. Ka nemi malami mai kyan hannu ya rubuta muhimman layukan da baƙar tawada, a ɗauka da sikana a sa ƙarƙashin bokon. Tunda ajami ba shi da ƙa'idar rubutu ɗaya da kowa ke bi, ka ba wasu mutum biyu da ba almajiransa ba su karanta maka da ƙarfi.

Gargaɗi: kada ka sa aya ko hadisi a takardar rabo. Komai kyanta, wata za ta ƙare a ƙasa ko a hannun mai ƙosai, kuma ranar da aka ga haka aikinku ya shiga uku a garin. Maganar addini a bar wa liman ya yi ta da bakinsa.

8. Waɗanda takarda ba za ta isa gare su ba

Kowace takarda ka yi mata 'yar'uwa ta murya. Ka sa mace mai murya a sake ta karanta saƙon cikin minti ɗaya zuwa biyu, ta faɗi sunan asibitin a farko don kada ya yi kama da jita-jitar da ke yawo. A tura ta WhatsApp, a kuma zuba wa masu ƙananan wayoyi a memori ko ta Bluetooth. Wannan ya ɗauke makafi, da tsofaffi, da duk wanda ba ya karatu. In kuna da rugage a yankinku, a samu Bafulatana ta faɗe shi da Fulatanci.

Kurame sun fi dogara da hoto, to gwajin shi ne ka rufe rubutun ka ga ko hotunan kaɗai sun ba da labarin. In za ku yi bidiyo, ku nemo mai maganar hannu daga cikin kuramen garin, domin wadda ake koyarwa a makarantu ta bambanta da wadda da yawansu ke yi a tsakaninsu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta shafi asibitoci, saboda haka wannan ba alfarma ba ce kake yi. Fosta kuma a liƙa ta daidai idon wanda ke zaune a benci ko a keken guragu.

9. Gwaji, sannan gwaji

Kada ka buga dubu kafin ka gwada goma. Ka fitar da kwafi kaɗan a firinta, ka nemi mutum goma irin waɗanda aka yi takardar dominsu: matan aure ƙanana, kaka ɗaya ko biyu, magidanta biyu, wanda ba ya karatu sam, mai ajami kaɗai. Ban da ma'aikatan asibiti da matansu. Ɗaya bayan ɗaya za ka gan su, domin a taro kowa bakin babba yake bi.

Kada ka tambaya "Kin gane?" Kunya da girmamawa za su sa ta ce ta gane. Kada ka tambaya ko ta yi kyau, za a ce ma sha Allah. Ni ga yadda nake buɗewa: "Inna, ba ke nake gwadawa ba, takardar nan nake gwadawa. In ba ta fito ba laifina ne. Me kika gani a wannan hoton?" Sai in yi shiru. Daga nan in ajiye mata ledar ORS, da fiya-wata huɗu, da kofi, da jug, in ce: "Ga jikanki yana gudawa, nuna mini yadda za ki yi." Hannunta zai faɗa maka abin da bakinta ba zai faɗa ba. Wata tsohuwa ta taɓa duban zanen yaron da muka yi da idanu a faɗe don nuna haɗari, ta ce mini, "Ɗan nan, ai wannan barci yake yi." Muka sake zane.

Ka rubuta duk inda aka yi tuntuɓe. Ƙa'idata ita ce in mutum biyu cikin goma suka kuskure abu ɗaya, a gyara. In kuwa awon magani ne ko alamar haɗari, ko mutum ɗaya ne a gyara. Bayan gyara ka nemi sababbin mutane, don na farko sun riga sun san amsa. Yawanci sai an zagaya sau biyu ko uku. Ka tanadi ɗan sabulu ko kuɗin mota na waɗanda ka tsayar, lokacinsu ka ci.

10. Bugu da kuɗi

Kasafin yana da gida biyar: mai zane, malamin ajami da mai murya, gwaji, bugu, da rabawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba komai a bugu. Ka cire kuɗin gwaji tun farko ka ajiye gefe, ka kuma riƙe kashi ɗaya cikin goma na sake bugu.

Lissafin takarda mai sauƙi ne. Rim ɗaya na A4 falle 500 ne, in aka raba biyu ya ba ka takardar hannu 1,000. In kwafi ɗari biyu ko uku kake so, fotokwafi mai kyau ko injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ya fi araha. In dubbai ne, babban injin ɗab'i ya fi, domin kuɗin farantin bugu sau ɗaya ake biya, kuma yawan kwafi ke karya farashin kowane ɗaya. Cikakken launi faranti huɗu yake ci a kowace fuska, launi ɗaya faranti ɗaya, to baƙi da ja kaɗai sun isa takardar gudawa a kan faranti biyu a kowace fuska. Takarda mai nauyin giram 80 ta fi mai sheƙi in akwai akwatunan da za a soke, don biro da fensir ba sa kama mai sheƙi sosai. Farashin takarda yana motsi da canjin dala, saboda haka ka karɓi farashi a rubuce daga maɗaba'a uku a mako ɗaya, a rubuta nauyin takarda da yawan launi da ranar karɓa. In za a kai aikin Kano, ka haɗa da kuɗin mota kafin ka ce ya fi sauƙi.

Gargaɗi: ka kai aikin a PDF, ko ka sa a mayar da rubutun zane a CorelDRAW kafin ya bar kwamfutarka. In ba haka ba, kwamfutar maɗaba'a za ta musanya salon rubutun, ƙ da ɗ su koma akwatuna. Kada ka biya cikon kuɗi sai an ba ka samfuri ɗaya a takarda ka karanta shi harafi bayan harafi, musamman lambobi.

Ka buga 'yan kwafi a A3 a yi musu lamineshin don masu bayani a ɗakin jira. Su ne ke jure hannu da ƙurar hunturu.

11. Rabawa da sabuntawa

Takarda ba a tara ta a tebur a ce kowa ya ɗauka. A miƙa ta hannu da hannu bayan bayani, a nuna hotunan, a sa uwa ta maimaita, a rubuta sunan yaron a sama, a naɗe ta cikin katin rigakafi, domin shi ne takardar da mata ba sa yarwa. A wajen asibiti kuma a bi ta ungozomomi, da malaman islamiyyar matan aure, da masu unguwanni, da masu kemis, waɗanda su ne ake fara zuwa wurinsu da dare kafin a tuna da mu.

A ƙasan kowace takarda ka sa wata da shekarar da aka buga ta, da ƙaramin rubutu. Ƙa'idoji suna canzawa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awon ciki daga huɗu zuwa takwas. Allurar ƙyanda a da a wata 9 take tsayawa, yanzu akwai ta biyu a wata 15. Har gobe za ka shiga ɗakin jira ka tarar da tsohuwar fosta da sabuwa suna kallon juna, kowace da nata adadin. Ka sa rana ɗaya a shekara, ni nakan zaɓi kafin faɗuwar damina lokacin da gudawa da maleriya ke ƙaruwa, ka zagaya bangon asibitin da littafin ƙa'ida a hannu. Wadda ta tsufa ka ɓanɓare ta da kanka, ka kuma kwashe ragowar kwafinta daga sito, don in ka bar su wani zai raba ranar da sababbin suka ƙare.